Yayana ya rasu a Amurka ya bar bindigar da ya ce tawa ce, dan Allah ku ba ni shawara

Ɗan Sarkin Baka:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan ina rubutawa ina gogewa. Ni daga wani ƙauye nake tsakanin Ringim da Taura, gidanmu gidan maharba ne tun kaka da kakanni, mahaifinmu Allah ya jiƙansa shi ne Sarkin Bakan garinmu har ya koma ga Allah. Bindigarsa ta toka tana nan ɗakin Inna a naɗe cikin tsohon bargo tare da ƙahon da yake zuba albarushi, ba wanda ya isa ya taɓa.

Babban yayanmu ya tafi Amurka shekara 19 da suka wuce, tirela yake ja a jihar Texas. Shi ya biya min makaranta har na gama, shi ya yi min aure, shi ya haƙa burtsatsen ƙofar gidanmu da duk unguwa ke sha. Wata uku ke nan da rasuwarsa, ciwon zuciya, a can aka yi masa sutura, mu sai a waya muka gani. Har yau in wayata ta yi ƙara bayan isha'i gabana sai ya faɗi saboda lokacin yake kira.

To Yaya jinin gida bai bar shi ba, a can ma harbi yake. Yana da wata ƙaramar bindiga ana ce mata Thompson Center Contender, harsashi ɗaya take ci, ka harba ka karya ta ka zare kwanso ka sa wani. Abin mamakinta bakin, wato bututun da harsashi ke bi ya fita, ake canjawa. Na gani da idona a kiran bidiyo, yana zaune a gareji ya kwance katakon da ke ƙarƙashin bakin, ya tura wani ɗan ƙarfe da yatsa ya fita, ya cire bakin ya ɗora wani, bai yi minti biyu ba. Baki huɗu gare shi, na riƙe sunan biyu, .30 Herrett da 7mm TCU. Ya ce harsashin waɗannan ba a sayar da shi a shago, shi yake haɗa abinsa, ya yanke kwanso ya auna garin albarushi a ɗan sikeli ya matse da wani inji na hannu, komai yana rubutawa a littafi da Hausa. Ranar ya ce min, “Auta wannan ita ce bindigar Baba, harbi ɗaya ne, in ka kuskure to ka kuskure, in na mutu taka ce.” Muka yi dariya.

Yanzu matarsa saura wata ɗaya da 'yan kwanaki ta fita takaba, ta ce za ta koma ƙaramin gida kuma ba za ta tafi da kayan nan ba, gari da harsasai suna tsorata ta, wani bature abokinsa ya ce zai saye duka. Ni kuma wallahi barci ya gagare ni. Ta wace hanya zan bi a kawo min ita nan bisa ƙa'ida? In ma ba za ta yiwu gaba ɗaya ba ko baki ɗaya ne, na ji an ce a can bakin ba a lissafa shi a bindiga.

Sadiya Gumel:
Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Amma ba ka faɗa ba, ya bar 'ya'ya?

Alhaji Habu Mai Kiliya:
Yaro saurare ni da kyau, shekara 26 na yi ina fito da kaya a tashar jirgin ruwa ta Apapa, ba labari zan ba ka ba. Cire wannan daga ranka yau ba gobe ba. Dokar makamai ta 1959 kashi uku ta yi wa bindigogi. Ta toka irin ta mahaifinku kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasisinta. Ta harbin tsuntsu da ta farauta Sufeto Janar ne. Ƙaramar bindiga kuwa, fistol, tana cikin kashin farko na haramtattu, sai da izinin shugaban ƙasa, kai da ni ba mu isa wurin ba. Ba ruwan doka da harsashi ɗaya take ci ko goma. In aka same ka da ita shekara 10 ce mafi ƙaranci. Maganar baki kaɗai ma ka bar ta, dokar tamu ta ce duk wani sashe na bindiga shi ma bindiga ne, dokar Amurka a Amurka take tsayawa. Kuma tun 2023 'yan sanda suka sanar sun dakatar da ba da sabon lasisi, masu neman na doguwar bindiga ma suna zaune.

Ɗan Sarkin Baka:
Ranka ya daɗe na gode, amma ni ba ɗan ta'adda ba ne, gidanmu sananne ne, hakimi zai iya rubuta min takarda. Ba harbi zan yi da ita ba ma, kusa da ta Baba zan ajiye.

Alhaji Habu Mai Kiliya:
Takardar hakimi a Kwastam? Allah ya shirye ka. A watan Janairun 2017 aka kama bindigogi 661 a Legas cikin kwantena, tun daga nan in aka ga ko ƙusar bindiga a kayanka wanda ya yi maka kiliya ma sai ya kwana a ciki. Kai ka ce ba za ka harba ba, alƙali cewa zai yi wa ya tambaye ka.

Musa Direba:
Maganar Alhaji gaskiya ce. Ni ta toka ma, ta kakana, da takardarta da komai, wasu suka tare mu a hanyar dawowa daga farauta shekara shida da suka wuce suka karɓe wai za a duba a dawo mana da ita. Na yi zarya ta fi sau goma sha, kuɗin mota kaɗai ya sayi tunkiya, yau a ce wanda ke riƙe da makulli ba ya nan gobe a ce an canja masa wurin aiki. Kakana ya mutu yana tambayarta. Su kuwa masu satar shanu da manyan bindigogi suke yawo ba mai ce musu kanzil, mu da muke tare dare muna gadin gari mu ne abin kamawa.

Nura daga Amurka:
Allah ya gafarta masa. Ina wata jihar ne amma na san bindigar, tun 1967 ake yin ta, wani Warren Center ne ya ƙirƙiro ta. Bari in yi maganar kayan don naga ba wanda ya taɓo, kuma a nan haɗarin yake. Shi .30 Herrett daga kwanson .30-30 Winchester ake yanko shi a gajarta, Steve Herrett da Bob Milek suka fito da shi a farkon shekarun 1970 saboda wannan bindigar. 7mm TCU kuma kwanson .223 ne ake buɗa masa wuya, masu gasar harbin gumakan ƙarfe ne suka fi son shi, waɗanda ake jera siffar kaza a mita 50 har zuwa rago a mita 200. Kaga duk harsashin da ke garejin nan aikin hannun Yaya ne, kuma kwanson da aka taɓa harbawa ya riga ya ɗauki siffar cikin bakin da aka harba shi. Ƙa'idar masu wannan harka ita ce ba ka harba abin da wani ya ɗura, ko da ɗan uwanka ne, don ba ka san me ya zuba ba ranar da ya gaji. Shagon kirki ba zai sayi waɗannan harsasan ba. Ka ce wa Anti kar ta zuba su a shara, kar ta haɗa garin gwangwani biyu wuri ɗaya, ta kira lambar 'yan sandan yankinsu wadda ba ta gaggawa ba su gaya mata inda ake kaiwa.

Sannan kar ta yarda da kuɗin da baturen ya faɗa a tsaye. Ta kai wa dillalin bindiga mai lasisi ya yi wa kowane baki kuɗi daban, kuma kowane baki a haɗa shi da ƙarafan matsa harsashinsa, don wanda zai sayi bakin Herrett ba tare da su ba ya sayi bututun banza. A can gangar jikin mai lamba ita doka ke kallo a matsayin bindiga, wannan gaskiya ne, amma fitar da ko bakin daga ƙasar sai da izinin gwamnati.

Alhaji Habu Mai Kiliya:
Ka ji dai. Can ba fita nan ba shiga. A sayar kawai a tura wa tsohuwa kuɗi.

Sadiya Gumel:
Na sake tambaya, ya bar 'ya'ya ko bai bari ba? Kowa na ta maganar kwantena.

Ɗan Sarkin Baka:
Yi haƙuri Hajiya ban gani ba. Biyu ne, namiji ɗan shekara 11 da ƙanwarsa.

Malam Isuhu:
To ai nan maganar take. Ɗan uwa ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, in mamaci ya bar ɗa namiji ɗan uwa ba ya gado. Matar tana da tumuni, mahaifiyarku tana da sudusi, sauran na yaran ne, namiji rabon mata biyu. Bindigar nan da bakunanta da injin duk dukiyar marayu ce a ciki. Kyauta kuma a mazhabarmu ta Malikiyya in mai bayarwa ya rasu kafin a karɓa a hannu ta ɓaci.

Abban Khadija:
Malam a gafarce ni, amma ai cewa ya yi in na mutu taka ce, wannan ba kyauta ba ce wasiyya ce, kuma wasiyya ga wanda ba magaji ba ta halatta matuƙar ba ta wuce sulusi ba. Bindiga ɗaya ba za ta kai sulusin dukiyar mai tirela a Amurka ba.

Malam Isuhu:
In ta tabbata. Su wa suka ji? Shi da kansa ya ce dariya suka yi.

Ɗan Sarkin Baka:
Malam ni ba na cin haƙƙin maraya, yaran nan 'ya'yana ne. Dariya muka yi amma na san Yaya, ba ya faɗar abin da bai nufa ba. Matata tana gefe ta ji. Kuma ba kuɗin nake so ba, ko dala ɗaya ba na so, da ina son kuɗi da na yi maganar motarsa.

Sadiya Gumel:
Matarka ce shaidarka? Hmm. Ni abin da ke ci min rai ke nan da dangin miji. Lokacin da maigidana ya rasu ko arba'in ba a yi ba ƙannensa suka zo wai ya ce injin ban ruwa na wane ne, babur na wane ne, kowa da abin da aka gaya masa a asirce, ni da yara huɗu aka bar mu da katifa. Baiwar Allah tana ƙasar mutane ita kaɗai da yara biyu da gwangwanayen albarushi a gareji, tana cikin takaba, kai kana nan kana lissafin baki huɗu. Ka taɓa tambayarta kuɗin hayar wata mai zuwa?

Ɗan Sarkin Baka:
Hajiya ba ki san ni ba. Kullum sai na kira ta. Ba ki san abin da ke tsakanina da Yaya ba dan Allah kar ki haɗa ni da wasu.

Ɗanliti:
Ni dai a ganina kar a sayar kwata-kwata. A ajiye wa yaron, jikan Sarkin Baka ne, in ya girma ya ga abin ubansa.

Nura daga Amurka:
Za a iya amma ba a hannunsa ba, dokar tarayyar Amurka ta hana wanda bai kai 18 ba riƙe ƙaramar bindiga, sai uwar ta kulle a akwatin ƙarfe shekara bakwai, ita kuma ta ce ba ta so. Akwai wuraren da ake biya su ajiye, to wa zai dinga biya?

Alhaji Habu Mai Kiliya:
Duk surutu ne. Yaron da aka haifa a Texas ina ruwansa da Sarkin Baka, Hausa ma in ya iya a gode Allah. Na ce a sayar. Kai kuma Auta in abin tunawa kake so ka ce ta ɗauko maka littafin nan da yake rubutu a ciki da hularsa, takarda ba mai tare ta a filin jirgi. Na ga irinku da yawa, mutum ya je karɓar kaya a ce ya zauna a benci, daga benci sai iyalinsa su ji labari.

Musa Direba:
Littafin ma ni ina jin tsoro, in aka buɗe aka ga lissafin albarushi da Hausa me za ka ce musu a wannan zamanin?

Ɗan Sarkin Baka:
Alhaji yaron yana jin Hausa, da ita suke gaisawa da Inna. Littafin kuma na riga na ce ta ajiye min shi tun satin farko. Amma ku gane, littafi daban ita daban. Na yi magana da wani lauya ɗan garinmu da ke Dutse ya ce in kawo masa sunan bindigar a rubuce zai duba ko akwai hanyar da ake kashe baki a toshe shi ya zama na ado. Ban ce wa matar Yaya komai ba tukuna, na dai roƙe ta ta ce wa baturen ya ƙara mata sati biyu. Malam Nura na tura maka saƙo ta ciki tun ɗazu, dan Allah ka duba, akwai hoton sauran baki biyun da ban iya karanta rubutun jikinsu ba.

Alhaji Habu Mai Kiliya:
Lauyan nawa ya ce ka kawo?