Yaya ake cewa "old" da Larabci idan mutum ake nufi?

Ɗalibar Larabci:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina fassara wani gajeren labari daga Turanci zuwa Larabci, kalmar "old" ta tsaya mini a wuya. An siffanta gida da ita, an siffanta wani dattijo, har da abokinsa. Ƙamus ya ba ni "ƙadim", amma da na rubuta "rajulun ƙadim", ina nufin tsohon mutum, sai kunnena ya ƙi karɓa. Mu a Hausa "tsoho" ya ishe mu, ko gida ko mutum. Don Allah a taimaka, ba na so in ci mutuncin dattijon nan, shi ne ƙashin bayan labarin.

Malamin Nahawu:
Wa alaikumus salam. Malama, kunnenki ya yi gaskiya. "Ƙadim" na abin da ya daɗe ne, don haka "baitun ƙadim" daidai ne. Mai yawan shekaru kuwa sai ki ce "shaikh", ko "musinn", ko "kabirus sinn". Duba Suratu Hud, aya ta 72: matar Annabi Ibrahim (AS) ta kira kanta "ajuz", wato tsohuwa, mijinta kuma "shaikh". A Suratul Ƙasas, aya ta 23, 'yan matan Madyana cewa suka yi "wa abuna shaikhun kabir". Inda "ƙadim" ta zo a Yasin, aya ta 39, busasshen reshen dabino take siffantawa. Larabawan yau suna ce wa namiji ma "ajuz", amma tana da ɗan kaushi. Ga dattijonki ni "shaikh" zan zaɓa.

Mai Tarjama:
Kada dai ki raba abokin da "ƙadim". "Sadiƙun ƙadim" daidai ne, domin abotar ce ta daɗe, ko da shi ɗan shekara 25 ne. Ki kuma kula da jinsi, ta mace "ƙadima" ce: "sayyaratun ƙadima", tsohuwar mota. Jam'in abin da ba mai hankali ba ma haka yake, "kutubun ƙadima", tsofaffin littattafai.

Abu Safwan:
Akwai kuma tsohon da ya bar muƙami, 'yar'uwa. Tsohon shugaba "ar-ra'isus sabiƙ" ne.

Ɗalibar Larabci:
Allah ya ƙara ilimi, na sa masa "shaikh". To "atiƙ" fa, Malam? Na ga an kira Ka'aba "Al-Baitul Atiƙ" a Suratul Hajji. Gidan da ke labarin na gado ne mai daraja, zai iya ɗaukarta?

Malamin Nahawu:
Zai iya, Malama. "Baitun atiƙ" tana nuna daɗewa mai nisa, kuma sau da yawa tare da ƙima.