Kuɗin makarantar marayu: a ba uwarsu ko a biya makaranta kai tsaye?

Maman Hanan, Shari' Mansur: Assalamu alaikum. Mu mata 11 ne muke adashi a nan Makka, kowa riyal 100 a wata. Mijin ƙanwar ɗaya daga cikinmu ya rasu a Kano, ya bar yara biyar, babbar tana aji biyu na ƙaramar sakandare. Mun yarda mu ware kwasa ɗaya don karatunsu. Yanzu kanmu ya rabu: a tura wa uwar, ko a riƙa biyan makaranta kai tsaye? A bar su a ta kuɗi, ko a mayar da su ta gwamnati? Uwar tana takaba, baffan yaran ya ce a turo ta hannunsa.

Abu Sadiƙ: Allah ya saka da alheri. Annabi (SAW) ya ce shi da mai ɗaukar nauyin maraya kamar haka suke a Aljanna, ya nuna yatsunsa biyu.

Hajiya Ta Karantina: Ta hannun baffa? Innalillahi. 'Yar uwa, saurare ni. Da yayana ya rasu, ni na ɗauki 'ya'yansa uku. Wankau da aikatau nake yi a Jidda, abin da na samu in tura wa ɗan baffanmu. Kowane zango sai ya turo hoton rasit, yaran sanye da yunifom, in yi ta kuka ina godiya. Sai da wata maƙwabciyarmu ta zo Umara ta ce ai macen tallan awara take yi, namijin yana garejin babura, ƙaramin kuwa ba a taɓa sa shi ba. Yunifom ɗin ma aro ake yi ranar hoto. Shi kuma ya ƙara aure ya sayi Boxer. Da na yi magana, dangi suka ce in rufa asiri, zumunci ya fi kuɗi. Yarinyar an aurar da ita ba ta iya rubuta sunanta ba. Na bar shi da ayar Suratun Nisa'i, masu cin dukiyar marayu wuta suke zuba wa cikinsu. Har yau ban yafe ba.

Ɗan Misfala: Hajiya, Boxer ɗin aƙalla a sa masa sunanki a jikin tanki mana 😂

Hajiya Ta Karantina: Yaro, ba abin dariya ba ne.

Baban Khalifa, Madina: Ku kai su ta gwamnati. Tun 2019 Ganduje ya ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole a Kano. Yunifom da littattafai da kuɗin PTA, naira 15,000 ta ishi yaro a zango.

Ummu Walid: Wace 15,000? Takalmi da jaka kaɗai sun cinye ta. Ni ɗan ƙanwata a ta kuɗi, ta cikin unguwa ma, 45,000 nake biya, ban da kuɗin mota.

Malama Ta Jarwal: Namu 28,000 ne, har da Islamiyya. An cuce ki, Ummu Walid. Kuma riyal ya haura naira 300, kwasa ɗaya za ta yi nisa.

Baban Khalifa, Madina: Malama, ke a nan aka haife ki, rabonki da Kano tun yaushe? A bar waɗanda suka san gida su yi magana.

Malama Ta Jarwal: Kai da ka san gida, naka 'ya'yan a ta gwamnatin suke?

Alhaji Na Bani Malik: Kun bar babbar magana. A nan Saudiyya laifi ne tara gudummawa ba tare da izini ba. Taimako na cikin Saudiyya akwai manhajar gwamnati ta Ihsan tun 2021, na ƙasashen waje kuma Cibiyar Agaji ta Sarki Salman ce ke kula da shi. Kada ku baza lambar asusu a WhatsApp kuna neman taimako. Wadda za ta tura, ta tura wa 'yar uwarta da sunanta, ta hanyar da ke ba da rasit.

Maman Hanan, Shari' Mansur: Mun gode Alhaji, iya mu ne, ba ma roƙon kowa. Amma har yanzu ba wanda ya ce min uwar ko makaranta.

Hajiya Ta Karantina: Ko uwar ma, baffan zai karɓe a hannunta. Ni na gani.

Ummu Walid: Wai mu da muke maganar marayun gida, namu na nan fa? Tun da aka sa kuɗin murafiƙin, wato kuɗin da baƙo ke biya kan iyalinsa da ke zaune da shi a nan, a 2017, daga riyal 100 har ya kai 400 a wata kan kowane kai a 2020, mata nawa suka kwashe 'ya'ya suka tura gida wurin kakanni? Ubansu na raye amma suna zaman marayu.

Abu Sadiƙ: Wallahi. Ni huɗu gare ni da uwarsu, 2,000 ke nan duk wata kafin a zo maganar haya. Biyu na mayar Katsina, Hausarsu ma ba ta nuna ba, ana ta tsokanarsu a aji.

Ɗan Misfala: To a sa mu a adashin, mu ma marayun iƙama ne, wato takardar izinin zama.

Baban Khalifa, Madina: Abu Sadiƙ, kafilinka, wanda kake zaune ƙarƙashin sunansa, ba ya taimaka maka da komai? Nawa kake biya wajen sabunta iƙama bana?