Dan Allah wa ya san yadda ake cire SafeSearch ɗin nan? Jarrabawa ta matso

Maman Ilham:
Salam jama'ar gidan nan, dan Allah a taimaka min wlh kaina ya kulle tun jiya. Ni ɗalibar ungozoma ce a shekarar ƙarshe, sati biyu ya rage mu shiga jarrabawa, kuma wayata an sace ta a adaidaita sahu ranar da muke dawowa daga biki a Kurna, tana cikin jaka ma fa, da reza aka yanka ban sani ba sai da na sauka zan ba shi kuɗi na zura hannu na ji hannuna ya fito ta ƙasa. Duk handaut ɗina da rikodin ɗin lakca suna ciki. Maigida ya ce ba halin sabuwa yanzu ga kuɗin makarantar yara ga cefane, ni ma na gani ban matsa ba, sai aka ba ni wata Tecno da take gidan in dinga lallaɓawa.

To malamarmu ta ce dole mu iya bambance matakan ƙaruwa wajen haihuwa guda 4 da ido, wanda ya tsaya a fata, wanda ya shiga nama, wanda ya taɓa zoben dubura, da wanda ya ratsa har ciki, ga ɗinkin ƙari ga ciwon nono na masu shayarwa. In na rubuta a Google sai zane-zane da dogon turanci, hoton gaske babu. Ƙawata ta rubuta abu ɗaya a tata ya fito, a dushe dai amma tana dannawa ya washe. Na shiga setin SafeSearch ɗin, wato matatar da Google ke tare hotunan tsiraici da ita, na ga Filter da Blur da Off, amma Off ɗin ya ƙi dannuwa, wani ɗan kwaɗo ne a sama. Dan girman Allah kar wanda ya fassara ni, karatu ne.

Injiniya GSM:
Hajiya wannan ba komai ba ne, irinsa nawa na gyara. Ki buɗe Chrome ki rubuta google.com/safesearch ki danna Off shikenan. In ya ƙi ki sauke VPN ki saka ƙasar Amurka. In ya ƙara ƙi a yi mata filashin ta dawo sabuwa fil, minti 20 ne. Shekara 11 ina wannan sana'ar.

Maman Ilham:
Malam Injiniya ai can ɗin na shiga, shi ne na ce ya ƙi dannuwa. VPN kuma na gwada saukewa wayar ta ƙi.

Abu Huzaifa:
'Yar uwa ni shawarata ki bar shi yadda kika same shi. Wanda ya saka katangar nan ba mahaukaci ba ne. Yau ƙaruwa kika nema, gobe kin rubuta kalma ɗaya ba daidai ba abin da ba ki nema ba ya faɗo miki a ido, kuma ido in ya gani ba ya mayarwa. Iyayenmu ungozomomi sun karɓi haihuwa shekara da shekaru ba Google.

Maman Ilham:
Malam na gode amma ni matar aure ce da 'ya'ya uku, kuma a ɗakin haihuwa nake kwana in muna furaktikal, abin da nake nema a hoto da hannuna nake goge shi da auduga. Su iyayen namu ai ba jarrabawa aka yi musu ba.

Ɗan Zariya:
A tsaya tukuna kafin a yi filashin. Kwaɗon nan ma'anarsa ba ke ke da ikon setin ɗin ba, wani ne ya kulle daga sama, kuma hanyoyin ba su da yawa. Ko dai waifai ɗin da kike hawa ne, makarantu da ofisoshi suna tilasta shi ta hanyar sadarwarsu, ko an saka Private DNS irin na iyali a wayar, wani seti ne da ke tace shafukan intanet, ko imel ɗin na makaranta ne, ko kuma akawun ɗin yaro ne da aka ɗaure da Family Link, manhajar da iyaye ke kula da wayar yaro da ita. Abin ƙawarki daban ne, nata Blur ne, tun 2023 Google suka mai da shi haka ga kowa, shi yana dusar da hoto ne kawai, naki Filter ne yana cirewa gaba ɗaya. Ki kashe waifai ki kunna data ki gani ko kwaɗon zai tafi. Sannan imel ɗin waye a wayar? Ba ki faɗa ba.

Injiniya GSM:
Duk wannan dogon bayani ne ɗan uwa. Filashin yana share duka huɗun.

Ɗan Zariya:
Ba ya share waifai ɗin makaranta ai. Kuma in aka yi filashin ba a cire akawun ba, wayar tana tashi za ta nemi imel da fasuwod ɗin da ke kanta a da, in ba ta da shi ta zauna da bulo a hannu sati biyu kafin jarrabawa.

Injiniya GSM:
Wannan ma muna tsallake shi a shago. Kai a littafi ka karanta, ni a tebur nake yi.

Ummu Sultan:
Hmm Maman Ilham ni dai ina karantawa jikina ya ba ni maigidan ne ya saka. Ni nawa har fasuwod ɗina sai da ya karɓa, in na shiga wanka ya ɗauki waya ya bi WhatsApp ɗaya bayan ɗaya har na ƙanwar babata, amma tasa wayar ko ƙara ta yi yana banɗaki ba ni da ikon in juya ta in ga waye. Shekara tara kenan. Rannan don na yi sitatus da hoton atamfa sai da aka yi kwana biyu ba a ci abincina ba. Maza dai sai addu'a wlh.

Maman Ilham:
A'a Anti ni nawa ba haka yake ba gsky, bai taɓa duba min waya ba. Ba don ni aka saka ba.

Ɗan Zariya:
To don wa aka saka? Kin ga kenan kin san an saka.

Maman Ilham:
Wayar ta yaron gidan ce, ɗan abokiyar zamana, shekararsa 11, babansu ya saya masa lokacin da ya yi sauka, da tawa ta ɓata ya karɓa ya ba ni aro. Imel ɗin sunan yaron ne. Ni dai layina kawai na saka. In zan sauke abu sai ta rubuto wai a nemi izinin iyaye.

Ɗan Zariya:
Yauwa, da kin faɗi haka tun farko. Family Link ne. Yaron da bai kai 13 ba Google na kunna masa Filter da kansa, kuma ba VPN ɗin da zai cire don a jikin akawun yake ba a sabis ba. Incognito ma, wato shafin bincike na sirri, ba ya buɗuwa a irin wannan wayar, kuma ba za ta bari ki ƙara imel ɗinki ba, na makaranta kawai take karɓa. Wanda ya ɗaure ta shi zai buɗe Family Link a wayarsa ya shiga wajen Google Search ya kashe, ko ya cire akawun ɗin yaron gaba ɗaya ki saka naki. Ko minti biyu ba zai ɗauka ba. Ki yi wa maigida magana kawai.

Maman Ilham:
Ai nan ne matsalar. Karatun nan da ƙyar ya yarda, sai da yayana da kawuna suka je har shago suka same shi, kuma har yau in na ce ina da aikin dare sai fuska ta canza. Yanzu in je in ce masa cire min matatar hotunan tsiraici? Ta ina zan fara? Kuma wayar zan mayar wa yaron, in na cire wani abu ya faru uwarsa ta ce ni na lalata mata ɗa, ku ba ku san gidan ba ne.

Baban Amir:
To wlh gara ma kar a cire. Ni nawa yaron shekara 12, wayar uwarsa yake ɗauka wai zai yi aikin gida na makaranta, ranar da na duba tarihin binciken sai da na zauna a ƙasa. Abokinsa ne a islamiyya ya koya masa, islamiyya fa. Na je na samu uban yaron ya ce min nasa ɗan ba ya haka. Dan Allah Ɗan Zariya ya ake SAKA wannan Family Link ɗin, ni shi nake nema.

Injiniya GSM:
Baban Amir ka kawo shago in saka maka. Hajiya ke kuma bari in faɗa miki gaskiya tunda kowa na kewaye-kewaye, ki shiga akawun ɗin ki canza shekarar haihuwa zuwa 1990, kwaɗon zai faɗi da kansa. Na yi wa mutane da yawa.

Ɗan Zariya:
A akawun ɗin yaro da ke ƙarƙashin kulawa ba ita za ta iya canzawa ba, sai uban. Wancan da kake faɗa na wanda ya yi kuskuren shekara ne a nasa imel ɗin, shi ma wani lokacin sai Google sun nemi katin shaida.

Injiniya GSM:
To ta kawo a yi filashin ɗin mana kamar yadda na ce tun farko, aka tsaya ana ta lakca.

Anti Matiron:
'Yata ni na yi ritaya bayan shekara 35 ina wannan aikin. Hoton intanet ba zai koya miki mataki na uku ba, sau da yawa daga waje kamar na biyu yake, sai kin sa safar hannu kin duba da yatsa da haske mai kyau kafin ki san zoben ya taɓu, kuma wadda aka ɗinke a matsayin na biyu alhali na uku ne ita ce za ta dawo miki bayan wata biyu tana kuka ba ta iya riƙe iska. Ki je laburarenku ki ɗauki babban littafin nan da kowa ke fotokwafi, ki liƙe wa sistar da ke ɗakin haihuwa. Amma ɗaliban yanzu ka ce su zo su tsaya a ɗinki sai ka ga kowa na latsa waya a bakin ƙofa, rannan wata ina mata magana abin sauraro na kunnenta.

Maman Ilham:
Anti wlh ni ba na cikin masu latsa waya, ki tambayi kowa. Littafin kwafi biyu ne a laburare mu kuma mun fi 60, fotokwafin kuma baƙi ƙirin yake fitowa ba ka gane fata ba ka gane nama. Furaktikal ɗinmu ya ƙare tun watan jiya shi ya sa.

Ummu Sultan:
Ki nuna masa handaut ɗin kawai ki ce malama ce ta ce. Ko da yake ni in nawa ne cewa zai yi a bar karatun.

Maman Ilham:
Abin da nake tsoro kenan Anti, saura sati biyu in gama shekara uku.

Abu Huzaifa:
Duk abin da mace za ta ɓoye wa mijinta to ta sake dubawa.

Maman Ilham:
Malam ba ɓoyewa nake ba, lokacin faɗa ne bai yi ba. Yana Abuja ma sai Juma'a zai dawo. Ɗan Zariya in na shiga Bing, wani shafin bincike irin Google, ta Chrome ɗin fa, maigidan zai gani a wayarsa? Kuma in na cire layina na mayar wa yaron, abin da na riga na rubuta a Google zai fito masa?

Injiniya GSM:
Hajiya ki turo min lambarki ta inbos in miki bayani, nan surutu ya yi yawa.

Baban Amir:
Har yanzu ba wanda ya faɗa min yadda ake sakawa fa.

Maman Ilham:
Ɗan Zariya kana nan? Tambayar ta biyun ce ta fi damuna, don jiya na rubuta abubuwa sun kai ashirin.