Shin mutum-mutumin wasa yana taimaka wa yaro mai lalurar galahanga?

Uwar yara, Mabera:
Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara shida yana da lalurar galahanga, wato autism, mai wahalar wa yaro cuɗanya da mutane, kuma idan 'yan'uwansa suna wasa a tsakar gida, shi sai ya koma gindin darbejiya yana jera murafen kwalba, ko an kira sunansa ba ya waiwayowa. Ƙanena ya ce akwai mutum-mutumin da aka ƙera don koya wa irin waɗannan yara cuɗanya da mutane. Ina neman wanda ya san gaskiyar lamarin kafin mu kashe kuɗi.

Malamin yara masu buƙata ta musamman, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah Ya raya shi. Binciken ya daɗe, domin tun 1998 wata mai bincike, Kerstin Dautenhahn, ta fara shi a Ingila, kuma a 2005 Jami'ar Hertfordshire ta ƙera wani mutum-mutumi mai suna Kaspar, mai girman ƙaramin yaro, wanda aka sauƙaƙa fuskarsa da gangan. Fuskar mutum da muryarsa suna sauyawa da sauri har su rikita yaron, shi kuwa mutum-mutumi yana maimaita abu ɗaya ba gajiya, ba tsawa. A 2018 masu bincike na Jami'ar Yale a Amurka suka ajiye mutum-mutumi a gidajen yara 12 na wata guda, ana wasa minti 30 kullum tare da mai kula da yaron, kuma suka ga yaran sun ƙara mai da hankali kan abin da babba yake nuna musu. Sai dai yara 12 ba su da yawa, wata guda kuma gajere ne. Abin da na fi riƙewa shi ne babu ranar da aka bar yaro shi kaɗai da na'urar.

Wani uba, Gawon Nama:
Malam ya faɗi gaskiya. Irin su NAO, mutum-mutumin da aka fara ƙerawa a Faransa, makarantu da jami'o'i ne suke iya sayensu, kuma na'urorin ba sa jin Hausa, ga kuma matsalar wuta. Masu ƙyalƙyali da kiɗa na kasuwa kuwa ba su ne aka yi binciken a kansu ba, kuma ƙarar wasunsu tana firgita ɗiyata. Hajiya, ki zauna kusa da shi ki miƙa masa murfi ɗaya, ki jira ya ajiye, sannan ki ajiye naki; idan ya saba, a kawo ɗan'uwansa ɗaya kawai.

Ma'aikaciyar jinya, Arkilla:
Yaya, kafin sayen komai, a kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, kuma a nemi a gwada jinsa, tunda kin ce ba ya waiwayowa.