Wace na'ura zan saya in tara waƙoƙina wuri ɗaya?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Na samu amfilifaya Yamaha R-N602 ta hannu, irin mai hawa rauta ɗin gida, na jona mata sifiku biyu a falo. To waƙoƙin ne a warwatse: CD kusan 400 a kwali, wasu a tsohuwar kwamfuta, ga kasetocin marigayi Baba na makaɗan fada da tafsirin azumi. So nake in tara su wuri ɗaya, in riƙa zaɓa ta waya suna fita ta Yamaha. Me zan saya? Aljihun ba nauyi, a tausaya.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Kafin a tafi kasuwa, aikin nan hannu uku ne. Akwai uwar garke, wato na'urar da ke riƙe da waƙoƙin tana miƙa su. Akwai mai kunnawa. Akwai waya da ke ba da umarni. Biyu suna hannunka tuni, domin Yamaha ɗinka tana jin DLNA, wato yaren da na'urori ke miƙa wa juna waƙa da shi ta rauta, wayarka kuma za ta ɗauki manhajar MusicCast ko BubbleUPnP. Uwar garke kaɗai ta rage, kuma aikinta bai fi na mai miƙa kwano ba. Lissafa: CD ɗaya idan aka mayar da shi FLAC, wato fayil ɗin sauti da ba ya rage inganci, yakan ci wajen 300 zuwa 400MB. Naka 400 ba za su wuce 160GB ba. Faifan ajiya na SSD mai 1TB ya ishe ka har da kasetocin, da sauran wuri.

Baban Ummi: To in bar tsohuwar kwamfutar a kunne kawai mana? Kyauta ce.

Injiniya: Kyauta a saye, Malam, amma ba kyauta a batir ba. Babbar kwamfutar tebur mai jan wat 80, idan ta kwana ta wuni, ta sha kusan kilowat-awa 2. Batirin inbata mai 12V 200Ah gaba ɗayansa 2.4 ne, kuma irin na ruwa ba a so a zuƙe shi fiye da rabi. Raspberry Pi 4 kuwa, 'yar ƙaramar kwamfuta kamar tafin hannu, wajen wat 3 zuwa 7 take ja. Fitilar ƙofar gidanka ta fi ta ci.

Alhaji Mai Kunne: Ku dai kullum Pi, kullum Pi. Yaro, in kana son ka ji kiɗa yadda aka buga shi, ka sa manhajar Roon a kan na'ura ta kirki. Tun da na koma kanta ban waiwaya ba. Hoton faifai, tarihin mawaƙi, wanda ya kaɗa ganga a waƙa kaza, duk a gabanka. Kuma sautin ya fi buɗewa, kunnena shaida ne.

Injiniya: Ranka ya daɗe, kan kyawun Roon ba gardama, ba ta da na biyu wajen tsara faifai. Batun buɗewar sauti ne ban yarda ba. Fayil yana tafiya ta rauta ne a ƙunshe, ana duba kowane ƙunshi, wanda ya lalace a sake turo shi. Abin da ya isa Yamaha daga na'urar miliyan shi ne abin da ya isa daga Pi. Wurin da lambobi ke zama sauti yana cikin Yamaha, ba cikin uwar garke ba. Abu ɗaya da za a kiyaye: kada a bar manhajar tana matse FLAC zuwa MP3 a hanya, a kashe wannan.

Alhaji Mai Kunne: Injiniya, kai da takarda kake ji, ni da kunne.

Injiniya: Na karɓa, Alhaji. Ranar da na zo gaisuwa a rufe maka ido mu gwada.

Hajiya Mai Kaset: Ku bar musun nan, ku dubi kayan mutumin. Roon kuɗinta da dala ake biya, wata-wata ko shekara-shekara, kuma ƙarfinta yana kan faifan da manyan rumbunan bayanai suka sani. Kaset ɗin da aka ɗauka a ƙofar fada a shekarun 1970 wane rumbu ya san shi? Ba hoto, ba suna, ba shekara. Da hannunka za ka rubuta komai, ƙanena, kuma nan ne aikin yake, ba wajen sayen na'ura ba. Ni wata uku na yi a kan nawa.

Ga abin da ya ba ni wahala. Sunan mawaƙi ɗaya na rubuta shi iri uku ban lura ba: wani wuri Ɗan, wani wuri Dan, wani wuri 'Dan. Na'ura ta raba min shi mutum uku, waƙoƙinsa suka watse. Ka zaɓi rubutu ɗaya tun farko ka rubuta a takarda ka manna a bango. Sannan haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ: FLAC yana riƙe su lafiya lau. Tsofaffin MP3 masu alamar ID3v1, wato tsohon tsarin rubuta suna a jikin fayil, ba su san su ba, sai ka ga alamar tambaya a tsakiyar suna. Ka buɗe su da manhajar Mp3tag ka mayar da su sabon tsarin, ID3v2. Tafsiri kuma ka sa sunan malami a gurbin mai faifai, shekarar azumin ta zama sunan faifan, kowane dare ya zama lamba: 01, 02, har ƙarshe. In ka rubuta 1, 2, 10 ba sifiri, wata manhajar za ta kawo maka dare na goma kafin na biyu.

Baban Ummi: Allah ya saka, Hajiya. CD ɗin fa?

Hajiya Mai Kaset: Ka kwafe su da manhajar Exact Audio Copy, kyauta ce a Windows. Tana gwada abin da ta kwafa da na sauran mutane ta AccurateRip, ka san ko faifan da ya karce ya fita daidai. Na ƙasashen waje MusicBrainz Picard zai cika maka sunayensu. Na gida sai haƙuri.

Ɗan Damagaram: Sannunku. Ni zafi da ƙura zan yi wa magana, don nan wajenmu a watan Afrilu ɗaki kan haura digiri 40. Duk na'ura mai fanka, hunturu ɗaya ya isa ya cika ta da ƙura. Ka sa Pi 4 a gidan alminiyam marar fanka, gidan da kansa yake zuƙe zafin. Ba ta fara rage gudu sai ta kai digiri 80, miƙa waƙa kuwa ba ya kai ta can. Abin da ke kashe ta ɗauke wuta ne tana cikin rubutu a katin SD. Kati biyu na rasa haka kafin na koma piCorePlayer, tsarin da ke tafiyar da Pi, wanda ke loda kansa cikin RAM ba ya yawan rubutu a katin, a ɗauke wuta sau goma bai dame shi ba. A kansa nake gudanar da Lyrion, manhajar uwar garke wadda da ake kira Logitech Media Server.

Injiniya: Shawara ce mai kyau, sai dai Lyrion yarenta na Squeezebox ne, wato na'urorin kunna waƙa na Logitech. Kafin ta yi magana da Yamaha sai an ƙara mata gadar UPnP, mai fassara mata zuwa yaren DLNA. Tana aiki, amma ga mai fara koyo ƙarin ɗawainiya ce. Ni manhajar MinimServer zan ce, ko MiniDLNA in ana son mafi sauƙi, a tayar da Pi ɗin daga SSD a bar katin gaba ɗaya. A haɗa ta da rauta a kan ƙaramin UPS. Kada a dogara da fawa bank, da yawansu suna yanke wuta na ɗan daƙiƙa lokacin da caji ya zo ko ya tafi, Pi ta mutu ta tashi.

Ɗan Damagaram: Wannan gaskiya ne. Kuma ka ja kebul daga rauta zuwa Yamaha da Pi. Bangon bulo biyu sun isa su sa Wi-Fi ya riƙa sarƙewa a tsakiyar waƙa.

Baban Ummi: Data fa? Kada in tashi in ga ta ƙare.

Injiniya: Ko kobo. Waƙar daga ɗaki zuwa falo take tafiya, ba ta fita waje. Ko rautar ba ta da data za ta yi.

Malam Na Sabon Gari: Ba wanda ya ambaci NAS, akwatin ajiyar fayil mai hawa rauta? Synology mai faifai biyu, in ɗaya ya mutu ɗayan na nan.

Hajiya Mai Kaset: In faifai ya mutu, eh. In ka goge babban fayil bisa kuskure, ko tsawa ta bi waya, ko ɓarawo ya ɗauke akwatin, duka biyun sun tafi tare. Ga 160GB ya yi masa yawa ma. Ya sayi faifan waje na biyu, ya kwafa duk wata, ya kai gidan ƙanwarsa. CD ana iya sake kwafa. Kaset ɗin Baba in ya tsinke bayan an rasa kwafin, shi ke nan.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai. Na tsaya a kan Pi 4, gidan alminiyam, SSD 1TB, MinimServer, da faifan ajiya na biyu. Alhaji a yi min afuwa, Roon sai aljihu ya yi nauyi.

Alhaji Mai Kunne: Ba komai. Ranar da ka zo falona ka ji, da kanka za ka dawo zaure ka ba da labari.

Hajiya Mai Kaset: Da kasetocin za ka fara, su ne ke tsufa. Goge kan dek ɗin da auduga da sifirit, ka wana kowane kaset gaba da baya sau ɗaya kafin ka kunna. Ɗauka da manhajar Audacity, ka ajiye na asali yadda ya fito. In za ka rage shuu, a kan kwafi, kuma kaɗan, don yana cinye zaƙin kalangu da muryar 'yan amshi.

Baban Ummi: Yanzu na buɗe dek ɗin Baba. Robar da ke juya shi ta narke, ta zama kamar kwalta, duk ta ɓata min yatsu.

Injiniya: Haka suke yi in sun daɗe a ajiye. Wanke ƙafafun da sifirit sai baƙin ya fita tas. Sannan ka zagaya zare ta inda robar take bi, ka auna tsawonsa, ka nemi wadda ta ɗan gaza haka kaɗan wajen masu gyaran rediyo. Turo min hoton cikin dek ɗin tukuna in ga ko mai faɗi ce ko siririya.