An yi mata aikin endometiriyosis, ciwon mara ya dawo: a sake aiki ko a fara magani?

Ungozoma, Auyo

Assalamu alaikum. Likitoci da sauran ma'aikatan lafiya na wannan zaure, ina neman haske. Akwai wata baiwar Allah da ke zuwa ƙaramin asibitinmu, shekararta 27, haihuwarta ɗaya. Wata 14 da suka wuce aka yi mata aiki a birni, aka ciro jakar tsohon jini daga gidan ƙwanta na hagu, takardar sallama ta ce endometiriyosis ne, wato cutar da nama irin na shimfiɗar mahaifa ke tsirowa a wajen mahaifa. Bayan aikin ba a ɗora ta a kan komai ba sai maganin ciwo na mako guda. Ta samu sauƙi kamar wata takwas. Yanzu ciwon mara ya dawo, yana fara mata kwana biyu kafin al'ada, ko ɗebo ruwa ba ta iyawa, kuma tana jin zafi can ciki lokacin saduwa. Hoton da aka yi mata makon jiya ya nuna wata jaka mai santimita 3 a gefen dama. Dangin miji sun ce aikin farko ne bai yi kyau ba, a sayar da tumaki a sake wani.

Dama cutar takan dawo ne? Me za mu iya yi a nan kafin a kai ga sake yanka ta? Kuma akwai gwajin jini da zai nuna ta dawo, tunda hoto sai an je Haɗeja?

Likitan mata, Kano

Wa alaikumus salam, Malama. Takan dawo, kuma dawowarta ba ta nuna cewa mai aikin farko ya yi sake. A 2009 Sun-Wei Guo ya tattara binciken da aka yi a kan wannan, ya samu cewa kimanin kashi 21.5 cikin ɗari na matan da aka yi wa aiki cutar na dawo musu cikin shekara biyu, kashi 40 zuwa 50 kuma cikin shekara biyar. Wuƙa abin da ido ya gani take cirewa. Ƙananan ɗigon da suka ɓuya a bayan mahaifa ko jikin hanji suna nan, kuma muddin gidan ƙwai na fitar da homon ɗin istirojin, duk wata sai ya ciyar da su. Ga jinin al'ada da ke komawa baya ta bututun ƙwai ya zuba cikin mara, abin da John Sampson ya bayyana tun 1927. Aiki bai tsayar da shi ba.

Ki nemi takardar aikin ki duba abu ɗaya: tsotse jakar aka yi aka ƙone cikinta, ko ɓare fatar jakar aka yi gaba ɗaya? Wadda aka tsotse ta fi saurin dawowa nesa ba kusa ba. Ki duba kuma ko an kai naman ɗakin gwaji an tabbatar.

Amma kada hoto guda ya ruɗe mu. Wani lokaci, bayan ƙwai ya fita, gurbinsa kan tara jini ya zama jaka mai santimita 3 ko 4, kuma a na'ura tana iya kama da jakar endometiriyosis. Ita wannan da kanta take bajewa. A sake hoton bayan mako shida zuwa takwas, daf da gama al'ada, kuma in akwai na'urar da ake sawa ta gaba a yi da ita, don ta fi ta saman ciki gani. Jakar cutar tana nan daram, cikinta hazo ne bai ɗaya kamar kunun da aka tace.

Kafin nan a yi gwajin ciki, domin jaka a gefe tare da ciwo na iya zama cikin da ya zauna a bututu. A duba ciwon sanyi. Tunda kuna yankin noman rani, ki tambaye ta ko tana shiga ruwan kanal da ko tana ganin jini a ƙarshen fitsari: tsargiya tana kama bakin mahaifa da bututun ƙwai, ta ba da ciwon mara da zafin saduwa, kuma ana yawan mantawa da ita a mata. Fitsarin da aka karɓa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana ya fi nuna ƙwayayenta, maganinta kuwa praziquantel ne, miligiram 40 ga kowane kilo, sha ɗaya. Mannewar kayan ciki bayan aiki ma tana ciwo, sai dai ita ba ta cika bin kwanakin al'ada ba.

Batun sake aiki shi ne inda nake so a taka birki. Duk lokacin da aka ɓare jaka, ana tafiya da wani ɓangare na lafiyayyen gidan ƙwai, kuma ƙwayayen da suka tafi ba sa dawowa. Na hagu ya riga ya sha wuƙa. In aka taɓa na dama saboda jakar santimita 3, ana iya barin yarinya 'yar 27 da ɗan ragowar ƙwai da ba zai kai ta ko'ina ba. Aiki na biyu ya fi na farko wuya kuma ya fi ɓarna.

Wanda ba a jira da shi: ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya da amai ko suma, jakar da ke girma hoto bayan hoto ko mai tsoka a ciki, kumburin ƙoda a hoto, jini a bayan gida ko fitsari da ke bin al'ada, ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi lokacin al'ada. Waɗannan a tura su Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Sauran ya rataya a kan tambaya guda da ita za ta amsa da bakinta, ba surukai ba: ciki take nema yanzu, ko za ta iya jinkirtawa?

Mai haɗa magunguna, Dutse

Likita ya gama da ɓangarensa, bari in ɗora da abin da ke cikin kabad ɗinki, Hajiya, in har ta zaɓi jinkirtawa. Abin da ke ba ni takaici shi ne maganin da ya fi hana cutar dawowa yana ɗakin tazarar haihuwa na kusan kowane ƙaramin asibiti, amma a sallami mace bayan aiki hannu rabbana.

A Bolonya ta Italiya, Renato Seracchioli da abokan aikinsa sun raba mata 239 da aka cire wa irin wannan jaka gida uku, suka bi su shekara biyu, aka buga sakamakon a 2010. Waɗanda ba su sha komai ba, kashi 29 jakar ta dawo. Masu shan ƙwayar tazara da hutun al'ada, kashi 14.7. Masu sha ba hutu, kashi 8.2. Shi ya sa ƙa'idar 2022 ta ESHRE, ƙungiyar masana harkar haihuwa ta Turai, ta ce a ɗora mace a kan ƙwaya ko robar mahaifa mai homon na aƙalla wata 18 zuwa 24 bayan aiki.

Yadda ake sha ba hutu: a katin Microgynon mai 28, guda 21 ne masu magani, 7 na ƙarshe masu launi daban ba homon a cikinsu. Ta sha 21, ta tsallake 7, ta buɗe sabon kati washegari. In ɗigon jini ya dame ta kwana uku ko huɗu a jere, kuma ta riga ta sha 21 ba yankewa, ta huta kwana huɗu ta ci gaba. Ki auna hawan jininta tukuna. Ba a ba mai hawan jini, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya. Mai shan rifampicin na tarin fuka kuwa, ƙwayar ba za ta yi mata aiki sosai ba.

Allurar wata uku, Depo-Provera miligiram 150 a tsoka ko Sayana Press 104 a ƙarƙashin fata, duk mako 13, ta fi sauƙi ga matar da mantuwa ko nisa ke damunta, kuma ta dace da mai sikila. Gwajin PRE-EMPT na Birtaniya da mujallar BMJ ta buga a 2024, mata 405, ya kwatanta ƙwaya da masu dogon zango, wato allura ko roba. Bayan shekara uku ciwo ya ragu da kusan kashi 40 a duka ɓangarorin, amma masu dogon zangon sun fi tsira daga sake aiki ko ƙarin magani da kusan kashi ɗaya cikin uku. Illar allura ita ce ciki kan yi jinkiri, a matsakaici wata goma daga allurar ƙarshe, kuma tana ɗan rage ƙarfin ƙashi. Robar mahaifa mai levonorgestrel miligiram 52 tana kashe ciwon al'ada sosai, ana cire ta haihuwa ta dawo, sai dai ba ta cika hana fitar ƙwai ba, don haka ba ta kai ƙwaya ba wajen tsare gidan ƙwai daga sabuwar jaka. Kada a ruɗe ta da robar jan ƙarfe, wannan ƙara jini da ciwo take yi.

Abin da ke sa mata su watsar da magani shi ne ɗigon watanni ukun farko, saboda salla da azumi da miji. Ki faɗa mata tun kafin ta fara, ta kuma tambayi malamarta hukuncin jinin istihala. Ki kuma cire mata tsoron cewa jini na taruwa a ciki in al'ada ta ɗauke: shimfiɗar mahaifar ce ba ta yi kauri ba, babu abin zubarwa.

Na ciwo, ibuprofen miligiram 400 sau uku a rana bayan abinci, a fara kwana ɗaya ko biyu kafin jini ya zo. Mai gyambon ciki ta bar shi. Ki raba ta da tramadol da allurar pentazocine ta kemis, don Allah.

Injiniyan lantarki, Kazaure

Hajiya, tambayarki ta uku ta shigo gonata. Za ki ji ana maganar 'yar na'urar da ɗigon jini zai isa, kuma wani ɓangare na irin wannan bincike a kan girafin ake yinsa. Girafin shimfiɗar kabon ce mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, kimanin nanomita 0.34, sai an jera miliyan uku kafin a samu milimita guda. Andre Geim da Konstantin Novoselov ne suka ɓanɓaro shi da salatif daga irin baƙin abin da ke cikin fensir a Jami'ar Manchesta a 2004, suka samu kyautar Nobel a 2010. Tunda duk jikinsa fuska ne, ba shi da ciki, duk abin da ya manne masa mai ɗauke da caji sai ya sauya yawan lantarkin da ke bi ta cikinsa. Sai a shimfiɗa shi tsakanin wayoyi biyu na zinare, a dasa masa ƙwayoyin garkuwa masu cafke furotin guda, a auna sauyin.

Inda gizo ke saƙa shi ne gishirin jini. A ruwa mai gishiri irin na jikin mutum, caji ba ya jin nisan da ya wuce nanomita 0.7, alhali ƙwayar garkuwar kanta ta kai 10 zuwa 15. Abin da aka cafko yana can sama, girafin bai san an yi ba. Dole a tsarma jinin ko a yi amfani da gajerun macafka. Ga sauran furotin da ke manne masa barkatai, ga awo da ke zamewa in zafi ko laima sun sauya, abin da ke da muhimmanci a ɗakin da ba firji.

Ko an warware duk wannan, da sauran rina a kaba. Furotin ɗin da aka fi aunawa, CA-125, iyakarsa 35 ce, amma yana hawa da al'ada, da ciki, da ƙarin mahaifa, da ciwon sanyi, da tarin fuka na ciki, kuma mace na iya samun cutar shi yana ƙasa. ESHRE ta ce kada a dogara da shi wajen gano cutar. Kada su kashe kuɗin tumakin a kansa. Littafi ɗan naira kaɗan da za ta riƙa rubuta ranar jini da ƙarfin ciwo daga 0 zuwa 10 zai fi gaya wa Likita gaskiya.

Ungozoma, Auyo

Allah ya saka da alheri. Na zauna da ita ita kaɗai. Ciki take so, kuma tun bayan aikin ba ta yi tazara ba.

Likitan mata, Kano

To, Malama, a ajiye ƙwaya da allura. Duk suna hana ciki, kuma shan su na wasu watanni ba ya ƙara damar samunsa daga baya. Wata 14 ba tazara ba ciki ya riga ya wuce shekara gudan da ake jira, don haka ki rubuta musu takardar turawa yanzu, su biyun. A fara da gwajin maniyyin maigidan bayan ya ƙaurace kwana biyu zuwa bakwai, shi ya fi araha kuma shi aka fi gudu. Ita kuma a yi mata hoton bututun ƙwai bayan ta gama al'ada, kafin kwana na goma, bayan an tabbatar ba ciwon sanyi, a haɗa da maimaita hoton jakar a tafiya ɗaya don rage kuɗin mota. Ibuprofen ta tsayar da shi a kwanakin jini kawai, ban da tsakiyar wata, domin yana iya hana ƙwai fita. Su taho da takardar aikin farko da hotunan duka.