Yaron shagona ya fara busa wiwi, in sallame shi ko in riƙe shi?

Mai Walda, Ƙofar Ruwa:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Akwai yaro ɗan shekara 16 da yake zuwa min aiki daga tashi makaranta zuwa magariba. Maraya ne, mahaifiyarsa ce ta kawo min shi da hannunta. Yaron yana da hannu, wallahi waldarsa ta fi ta wasu manyan tsafta. Amma tun bayan ƙaramar sallah, ana idar da la'asar sai ya ce zai zaga, ya dawo ido jawur, baki cike da cingam, rigarsa na wani tashi da turare ya kasa dannewa. Shekaranjiya ya ajiye giranda a ƙasa tana juyawa ya tafi ɗauko rodi, saura ƙiris ta ci ƙafar wani ƙaramin yaro a shagon. Da na titsiye shi sai ya ce wai wiwi ce ke sa shi jure zafin aiki. In na kore shi ina tsoron 'yan daba su janye shi, in na bar shi ina tsoron ya ja min magana.

Ɗan Kwari:
Sallame shi kawai, Malam. Ranar da 'yan NDLEA suka tarar da ƙulli a shagonka, ba za su tsaya tambayar na wane ne ba.

Anti Nas:
Haba Alhaji, sallama ai ba magani ba ce. Malam mai walda, zancen ƙarin ƙarfi da ya yi maka ruɗi ne. Wiwi ba ta ƙara ƙarfi, gajiyar ce kawai ba ya ji, sannan tana rage saurin hannu da lura, tana kawo mantuwa. Abin da ka gani da giranda ke nan. Ga shi ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, shi ya sa wanda ya fara da ƙuruciya ya fi saurin kamuwa, ya fi kuma shiga haɗarin taɓin hankali. Kuma kada ka ɗauka yaronka ne kaɗai: binciken UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na 2018 ya ce mutum miliyan 10.6 ne suka sha wiwi a Najeriya cikin shekara guda. Yau ɗin nan ka raba shi da giranda da wuta. In ka ga ya fara surutu shi kaɗai ko zargin mutane ba dalili, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, kada a tsaya jira.

Tsohon Kwandasta:
Oga, ni na sha ta ina ɗan 15, lokacin ina kwandasta a layin Bata. Direban da nake bi ne ya fara miƙo min, da wannan maganar ta jure aiki. Don haka kafin ka tuhumi 'yan unguwa, duba manyan yaran shagonka da na maƙwabta. Yaro ba ya sanin dila sai an nuna masa. Sannan kuɗin da kake damƙa masa kullum da yamma, su ne kuɗin naɗin gobe. Ka riƙa tara masa, ranar Juma'a ka kai wa mahaifiyarsa a gabansa. Duka kuwa kada ka fara, ni an jibge ni ba adadi, abin da na koya kawai shi ne iya ɓoyewa. Makon farko zai yi ta ƙunci, barci ya ƙi, abinci ya fita kansa. Zai wuce.

Mai Walda, Ƙofar Ruwa:
Na gode ƙwarai. Tsohon Kwandasta, ka taɓo inda nake zargi, akwai wani babban yarona da suke fita tare. Na mayar da marayan kan fenti da goge ƙofofi. Abin da ya rage shi ne mahaifiyarsa, tana da hawan jini. Anti, in je da kaina, ko in tura maiɗakina ta fara yi mata shimfiɗa?